Ina Takardarka?

Na shekara 16 ina walda kafin a fara tambayata takarda. Wani kamfani ne ya samu aikin tankunan ruwa da bututu a bayan garin Kaduna, labari ya zagaya Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe da ƙere-ƙere ta Kaduna, cewa suna ɗibar masu walda, kuma albashinsu na wata ɗaya ya fi abin da nake haɗawa a wata 3. Na yi asubanci, na ɗauki kundin hotunan ayyukana: ƙyamaren gidaje, tankin da na haɗa wa wani mai gidan burodi, injin markaɗe, bodin a-kori-kura. A bakin get na tarar da layi. Da aka zo kaina, mutumin da ke kan tebur ko buɗe kundin bai yi ba. Ya ce, "Malam, ina takardarka?"

Na ce ba ni da takarda, amma a ba ni ƙarfe biyu da sandar walda ɗaya, in ban yi abin da ake so ba a sallame ni. Ya ce shi ba a ba shi ikon shigar da kowa wurin gwaji ba sai mai takarda. Bai ci mutuncina ba, har haƙuri ya ba ni. Amma na dawo Tudun Wada ranar ban iya kunna inji ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk shekarun nan da na yi ina ƙona ido, daga na bar layinmu babu mai shaida ta.

Ni ɗan Tsohuwar Panteka ne. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin maigidana, Allah ya jiƙansa, tun ina firamare. Safe makaranta, yamma shago, har na gama sakandare. Shekara 2 na farko ban taɓa holda ba, wato abin da ake riƙe sandar walda da shi. Shara, sayo abinci, riƙe ƙarfe, goge tsatsa, shafa jan fenti, ɗauko ƙarfe a baro daga wurin 'yan gwangwan. Ba wanda zai zaunar da kai ya ce ga dalilin kaza. Da ido ake satar sana'a. Kana riƙe wa maigida angil kana leƙen yadda yake karkata hannu, in ya tafi sallah ka ɗauki guntun sandar da ya yar ka gwada a kan tarkace. Ranar da ya kama ni ina yin haka bai ce komai ba, washegari ya miƙo mini holda ya ce in ɗiga masa tak, wato ɗan ɗigon walda na riƙe ƙarfe, a kusurwoyin wata taga. Ranar da aka yaye ni an yi addu'a, an raba goro da alewa, ya ba ni guduma da sikwaya da tef. Shaidata ke nan, kuma a cikin Panteka ta wadatar, domin kowa ya san wanda ya koya mini.

Ba na raina wannan hanya, kuma ba na son in ji ana raina ta. Ita ce ta cika kasuwar nan da mutanen da za ka kawo musu hoton inji su ƙera maka shi. Yaron da ya taso a shago ya san yadda ake magana da kwastoma, ya san farashin ƙarfe, ya san yadda ake cin bashi a biya, abubuwan da ba a koyar da su a allo. Sai dai tana da illa biyu da na gani da idona. Ba ta da ranar gamawa, maigida ne kaɗai ya san ranar da ka iya, kuma wani maigidan ba ya son ranar ta zo. Sannan duk kuskuren maigida sai ya bi yaransa. Ni da tabarau na roba na koyi walda saboda haka na ga ana yi. Dare nawa na kwana ina jin kamar an zuba mini yashi a ido, mahaifiyata tana ɗora mini tsumma mai sanyi.

Akwai jarrabawar Trade Test ta Ma'aikatar Ƙwadago tun a lokacin, mai daraja ta 3 da ta 2 da ta 1. Akwai kuma hukumar NDE da aka kafa a 1986, wadda take tura matasa marasa aiki wurin masu sana'a. Amma mu a layinmu mun ɗauka takarda ta masu neman aikin gwamnati ce, ba ruwan mai shago da ita.

Bayan na buɗe nawa shagon na ga wani irin horo da har yau ba na son sa. A tara matasa a babban ɗaki mako 2 ko wata guda, a raba riguna, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowa ƙaramin injin walda da kwali mai ado. Irin waɗannan injinan da yawa a Panteka suke ƙarewa, sababbi fil a kwalinsu, yaro ya sayar rabin kuɗi. Ban ga laifin yaron ba. An ba shi inji bai iya ba, ba shi da shago, ba shi da wuta, ba wanda zai ba shi aikin ƙyaurensa. Shi ya sa da aka fara zuwa mana da maganar wani sabon tsarin ba da takardar shaidar ƙwarewar sana'a mai suna NSQ, na juya baya. Na ce irin na jiya ne.

A bakin mutanen shirin Mafita na fara jin sunan. Shiri ne da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, suna haɗa matasa da masu sana'a, har da almajirai da 'yan mata. Daga baya na fahimci cewa shi tsarin takardar ba na Turawan ba ne, na ƙasa ne, yana hannun hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedkwatarta ke nan cikin Kaduna tun kafa ta a 1977. Abin da ya sa na saurara shi ne wani abokina kafinta da ya ce mini, "Su waɗannan ba aji suke kai yaro ba, shagonka za su kawo shi, kuma a shagonka za a gwada shi."

Haka kuwa aka yi. Wata cibiyar koyar da sana'a ta turo mini yara 5. Sharaɗin shi ne yawancin kwanakin mako suna wurina, kwana ɗaya ko biyu suna cibiya ana koya musu lissafin awo, karanta zane, da kiyaye lafiya a wurin aiki. Aka ba ni wani littafi da aka rubuta duk abin da ake so mai walda na matakin farko ya iya, an yanka shi kashi-kashi. Na zauna da daddare na karanta shi. Kusan duk abin da ke ciki na iya, amma ban taɓa ganin an jera shi ba. Ban taɓa tunanin cewa sana'ata tana da farko da tsakiya da ƙarshe da za a iya nuna wa yaro tun ranar da ya zo ba.

A cikin su biyar ɗin akwai wani yaro daga Rigasa, shi ne dalilin wannan rubutu. Ya gama sakandare ya yi shekara 4 a gida. Ya rubuta JAMB sau 2 bai samu gurbi ba, ya ɗan ja Keke Napep na wani har mai keken ya sayar da abinsa, daga nan sai zaman majalisa. Mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa ce ta rako shi ranar farko, ta tsaya daga nesa saboda tartsatsi, ta ce, "Malam, ga amana nan. Ba kuɗi nake nema ya kawo mini yanzu ba, so nake ya riƙa tashi da safe yana da wurin zuwa." Wannan magana ta zauna mini. Wanda bai zauna da matashin da ya shekara 4 ba aikin fari ba na baƙi ba, ba zai gane yadda zaman yake cin mutum ba. Yaron ba ya haɗa ido da kowa. In na yi masa gyara sai ya ajiye kayan aiki ya koma gefe, kamar dama jira yake a ce ba zai iya ba.

A mako na biyu na ba shi holda. Yarana na da, waɗanda suka shekara suna shara kafin su taɓa ta, ransu ya ɓaci, kuma suna da gaskiyarsu. Na tara su na ce daga yau kowa haka za a yi masa. Wannan shi ne canji na farko da tsarin ya kawo shagona, kuma ba a kan baƙin yaran kaɗai ya tsaya ba.

Na biyu garkuwar fuska ce. Littafin ya sa kiyaye lafiya a matsayin kashi na dole, wanda bai cika shi ba ba zai samu takarda ba ko da waldarsa ta fi ta kowa kyau. Sai ga shi yaro yana sanye da garkuwa da safar hannu da takalmi rufaffe, maigidansa yana gefe da tabarau da silifas. Wata rana yaron Rigasa ya ce, "Oga, a cibiya an ce hasken nan yana ƙona har fatar fuska, ba ido kaɗai ba." A hankali ya faɗa, kansa a ƙasa. Washegari na sayo garkuwa 3. Idona na hagu ya riga ya raunana, ba zai dawo ba, amma tun daga lokacin ba a sake kwana da ciwon ido a shagona ba.

Yadda ake gwajin shi ya fi burge ni, don haka bari in tsaya a kai. Ba rana ɗaya ba ce da za a tara yara a ba su takarda da biro. Akwai mai tantancewa, asesa muke ce masa, wanda shi ma an horar da shi kuma ya san sana'ar. Yakan zo shago ya samu yaro a kan aikin kwastoma na gaske, ya ja benci ya zauna yana kallo yana rubutu. Yadda ya auna, yadda ya yanka, yadda ya share bakin ƙarfe da giranda, wace sanda ya ɗauka, a nawa ya saita wuta. Sai ya yi masa tambayoyi da baki, namu da Hausa yake yi: me ya sa ka ɗauki sanda geji 12 ba geji 10 ba? In sanda tana liƙewa me ke nan? In ƙarfe yana hujewa fa? Ana ɗaukar hoton aikin, ni ma ina sa hannu a matsayin shaida cewa yaron ne ya yi da hannunsa, duk a zuba a fayil ɗinsa. Bayan asesa akwai wani da ke bin fayil ɗin ya duba ko an yi daidai, sannan wani daga waje, daga hukumar da za ta ba da takardar, irin su NABTEB. Kuma sakamakon iri biyu ne kawai: ya iya, ko bai kai ba tukuna. Babu faɗuwa.

Wannan "tukuna" ita ta ceci yaron Rigasa. Waldar kwance ya wuce ta ba wahala, hannunsa yana da natsuwa. Da aka zo waldar tsaye, wadda ake hawa da ita daga ƙasa zuwa sama, narkakken ƙarfe yana son zubowa, sai ya riƙa sauri don tsoro. Da ya ɓamɓare ɓawon da guduma sai ga gefen ƙarfen ya zaizaye, ga 'yan ramuka a jiki. Asesa ya duba ya ce, "Bai kai ba tukuna. Zan dawo bayan mako 3." Yaron bai zo washegari ba, bai zo jibi ba. Rana ta uku na rufe shago bayan la'asar na hau mota zuwa Rigasa. Na same shi a ƙofar gida. Ya ce, "Oga, ni dama duk jarrabawar da na shiga haka take ƙarewa." Na ce wannan ba ta ƙare ba, mutumin ya faɗi ranar dawowarsa, kuma ya faɗi abu ɗaya tak da ya rage. Mako 3 muna tsayawa bayan kowa ya tashi, ina ba shi tarkacen faranti, yana rage wuta kaɗan, yana koyon ɗan dakatawa a kowane gefe kafin ya hau. Kwalin sanda guda ya ƙone a kan wannan. Da asesa ya dawo, ya ɗaga ƙarfen ya juya shi a rana, ya rubuta abin da zai rubuta, ya miƙa masa hannu.

To amma kwalin sandan nan wa ya biya? Ni. Nan ne inda masu tsara irin waɗannan shirye-shirye suke yawan kau da kai. Koyo ɓarna ne kafin ya zama riba. Yaro zai ƙona sanda, zai yanka ƙarfe ba daidai ba, zai cinye faifan giranda, ga man janareta, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama abin da mai shago yake lissafawa da cokali. Abin da aka yi alkawarin ba mu na kayan koyo yakan zo a makare, wani zubin bayan an gama amfani da shi. Su ma yaran haka. A cikin biyar ɗin nan, biyu sun daina zuwa kafin wata na huɗu, kuma ba lalaci ba ne. Ɗaya daga Mando yake zuwa, kuɗin mota ya gagare shi da alawus ya yi jinkiri. Ɗayan shi ke ciyar da ƙannensa, ya koma dako a kasuwa inda zai samu na cefane a ranar. Yaron da ba shi da aiki ba yaron da ba shi da nauyi ba ne. Duk shirin da bai tanadi kuɗin mota da na abincin rana a kan lokaci ba, waɗanda suka fi bukatarsa su ne za su fara zamewa. Har yau in na tuna yaron Mando raina yana ɓaci, domin hannunsa ya fi na kowa a cikinsu.

Akwai kuma abin da mu masu shago ba ma faɗa a gaban jami'ai. Muna tsoro. In ka koya wa yaro a shekara ɗaya da rabi abin da kai ka shekara 7 kana nema, gobe zai buɗe shago a gabanka ya karya farashi. Na ji wannan tsoron a jikina, ba zan ɓoye ba. Abin da ya rage mini shi shi ne na lura takardar tana buɗe wa yaro ƙofofin da ba nawa ba. Wanda ba shi da takarda dole ya tsaya a layinmu mu yi ta rububin ƙyaure ɗaya. Mai takarda yana iya tafiya.

Wani kwastomana injiniya da ya yi karatu a Jamus ya ba ni labarin nasu tsarin. Yaro yana shekara 2 zuwa 3 da rabi, yawancin mako a kamfani, sauran a makaranta, kamfanin ne ke biyansa albashin koyo, a ƙarshe ƙungiyar masu sana'ar ce ke yi masa jarrabawa, takardar kuma ko'ina a ƙasar an san ta. Na ce masa rabin wannan ai muna da shi tun kakanni. Rabin da muka rasa shi ne rubutu da shaida.

Ni ma daga baya na zauna an gwada ni. Akwai hanyar da aka buɗe wa irinmu da muka daɗe a sana'a, ba sai ka koma koyo ba, a zo a tantance abin da ka riga ka iya a ba ka matakin da ya dace da kai. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ke maƙwabtaka da Tsohuwar Panteka, ya riƙa jawo masu sana'ar kasuwar kusa da makarantar, da ya koma shugabancin NBTE a 2021 kuma ya ci gaba da wannan magana. Da can katanga ce kawai tsakaninmu da kwalejin amma kamar wata ƙasa ce. Ranar gwajina, da furfurata, wani asesa da bai kai ƙanena ba ya zauna yana kallon hannuna. Na zaci zan ji nauyi. Abin da na ji daban ne: karo na farko ke nan da wani ya zo takanas don ya ga abin da na iya ya rubuta. Da takardar ta fito na kai ta gidan maigidana na nuna wa iyalinsa, domin aikinsa ne aka sa wa hatimi.

Kada wani ya ɗauka takardar matakin farko ko na biyu tana mai da yaro gwani. Ba ta yi. Aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar a 2020, ta jiharmu ya ratsa. Mai waldar irin wannan bututu sai ya ci gwajin da ake kira 6G, inda ake kafe bututu a karkace ba a juya shi, kai ne za ka zagaye shi ta ƙasa da gefe da sama, sannan a haska waldar da na'ura a ga cikinta. Kyan waje ba ya ceton ka a nan. Mu a Panteka masu hannun da za su iya suna da yawa, amma babu injinan, babu bututun gwaji, babu kuɗin jarrabawar. Abin da nake so in gani shi ne tsani: yaro ya fara a shagona, ya hau mataki na gaba a wurin da ya fi ni kayan aiki, takardar farko ta zama ita ce ke shigar da shi ta biyu. Na ji gwamnatin tarayya ta fito da sabon shirin koyon sana'a a 2025 da ta ce kashi 80 aikin hannu ne, 20 aji. Rabon ya yi mini daidai. Idona yana kan wanda zai biya sanda da mai, da ranar da alawus zai shiga hannun yaro.

Yaron Rigasa ya ƙara shekara guda a wurina bayan takardarsa ta fito, ina biyansa kamar kowane ma'aikaci. Sai aka ji wani kamfanin gini a Abuja yana neman masu haɗa ƙarfen rufin manyan ɗakunan ajiya. Ya sa takardar a leda ya tafi. Da daddare ya kira ni. Ya ce, "Oga, sun tambayi takarda a get, na ba su. Sai suka shigar da ni ciki suka ba ni faranti biyu suka ce in yi musu ta tsaye." Na ce, to? Ya ce, "Na dakata a kowane gefe."

Mahaifiyarsa ta aiko mini da dambun nama a Babbar Sallah. A watan jiya kuma ya sake kira, wai shugaban sashensu ya ce in akwai wasu irinsa a inda ya fito a turo mutum 2, amma masu takarda. Ɗaya na da shi a shirye, fayil ɗinsa ya cika. Na biyun waldar sama da kai ce ta rage masa, asesa zai zo ƙarshen wata. Na sa an ɗaure faranti a jikin ƙarfen rumfa daidai tsayinsa, kullum bayan la'asar in an kawo wuta yana ƙarƙashinsa. Na kuma aika a nemo mini yaron Mando, an ce har yanzu yana nan unguwarsu. Na ce a gaya masa kuɗin motarsa na wata 3 yana wuyana.